Harsashin jan ƙarfe: a wane gudu ne yake daina buɗewa a jikin dabba?

Ɗan_Kurmi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa maharba. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harsashin jan ƙarfe zalla, wanda babu dalma a cikinsa. A jihar Kalifoniya ta Amurka, tun ranar 1 ga Yulin 2019 doka ta hana farautar kowace irin dabba da harsashin dalma, saboda haka babu wani zaɓi. Bindigar .308 Winchester ce, tsawon bututunta inci 20, murɗin cikinta zagaye ɗaya a kowane inci 10. Abin farauta barewa ce mai nauyin kilo 50 zuwa 90, a fili mai tuddai inda harbi kan kai yadi 300, wani lokaci har 400.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne mafi ƙarancin gudun da harsashi zai isa jikin dabba da shi kafin ya buɗe yadda ya kamata. Wani ya ce ƙafa 1,600 a daƙiƙa, wani ya ce 1,800, wani 2,000, wani kuma ya rantse kada a sauka ƙasa da 2,200. Wanne ne abin dogaro? Sannan tsakanin harsashi mai nauyin giren 130, 150 da 168 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi da albarushi), wanne zai fi kai ni nesa ba tare da na faɗa ƙasa da wannan iyaka ba? Don Allah a taimaka da lissafi, ba na son in raunata dabba ta je ta mutu a inda ba zan same ta ba.

Sarkin_Baka:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Kurmi. Duk waɗanda suka ba ka lambobin nan babu wanda ya yi maka ƙarya, abin da kowanne yake aunawa ne daban. Idan kamfani ya ce harsashinsa yana buɗewa a 1,800, nufinsa a wannan gudun bakin harsashin ya fara tsagewa har faɗinsa ya ɗan zarce na gindinsa. Kaurin harsashin .308 milimita 7.8 ne. Kana iya tono shi bayan ya sauka da 1,800 ka tarar kunnuwansa sun ɗan yi waje, faɗin ya kai milimita 9 ko 10, kuma kamfani bai saɓa alkawari ba. Amma hoton da kake gani a jikin kwali, inda kunnuwa huɗu suka lanƙwashe baya faɗin ya kusa ninki biyu, wannan galibi sai gudun sauka ya haura 2,300 ake samunsa. Tsakanin "ya fara buɗewa" da "ya buɗe sosai" akwai tazarar ƙafa 400 zuwa 500 a daƙiƙa, kuma a cikin wannan tazara ne ake asarar dabbobi.

Dalilin da ya sa wannan ya fi tsanani ga jan ƙarfe: harsashin dalma mai riga yana farfashewa, yakan zubar da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ko fiye a cikin dabba, kuma waɗannan ɓarɓashi su ma suna yanka huhu da jijiyoyi. Na jan ƙarfe kuwa yakan fito da kashi 95 cikin 100 na nauyinsa ko sama da haka. Ba shi da ɓarɓashin da zai taya shi aiki. Faɗin gabansa da gudunsa su ne kaɗai suke yin rauni. Idan faɗin bai samu ba, sai ya ratsa kamar an soka tsinke: ƙaramar kafa a shiga, ƙaramar kafa a fita, fata da kitse su toshe su, jini ya taru a ciki bai zuba ƙasa ba. Barewa ta yi gudun yadi ɗari biyu ko uku, ba ka da sawun da za ka bi.

Kuma ka lura, barewa ta fi babbar dabba wahalar buɗe harsashi. Ƙirjinta daga haƙarƙari zuwa haƙarƙari bai cika wuce santimita 30 ba, mafi yawansa huhu ne, huhu kuma iska ce ta fi yawa a cikinsa. Harsashin da ya yi jinkirin buɗewa kafin ya gama ya riga ya fita ta ɗaya gefen.

Shawarata: ka ɗauki lambar da kamfani ya bayar wa wannan harsashi takamaimai, ka ƙara 200 a kai, ita ce iyakarka. Idan ba ka sami lambar kamfani ba, ka riƙe 2,000, wato mita 610 a daƙiƙa, a matsayin ƙasan ƙasa, kuma ga barewa ka yi ƙoƙari ka zauna a 2,200, mita 670, ko sama.

Abu na ƙarshe da mutane suke tuntuɓe a kai: gudun da aka buga a kwalin harsashi na bakin bindiga ne, kuma kusan kullum da bututu mai inci 24 aka auna shi. A .308 kowane inci da aka rage yana cin ƙafa 20 zuwa 30. Taka mai inci 20 ta riga ta rasa 80 zuwa 120 tun harsashi bai bar baki ba. Kada ka gina lissafi a kan kwali. Ka nemi na'urar auna gudu, ka harba guda 10, ka yi aiki da matsakaicinsu.

Injiniya_Bala:

Ranka ya daɗe Sarkin Baka ka yi bayani. Bari in sa lambobi a kai, domin a ga dalilin da ƙafa 200 take da nauyi haka.

Abin da yake buɗe harsashin jan ƙarfe shi ne ruwan jikin dabba da ke kutsawa cikin ramin hancinsa ya tura bangon ramin waje. Ƙarfin wannan turi yana tafiya ne da gudu sau gudu. Idan aka ɗauki nauyin nama kamar na ruwa, a 2,200 matsin da ke kan hanci kusan megafaskal 225 ne, a 2,000 ya koma 186, a 1,800 kuma 151. Wato daga 2,200 zuwa 1,800 gudu ya ragu da ƙasa da kashi 20 cikin 100, amma ƙarfin da ke buɗe harsashin ya ragu da sulusi guda. Dalma tana lotsewa da matsi kaɗan ƙwarai, shi ya sa ko a ƙaramin gudu takan baje. Jan ƙarfe ya ninka ta tauri sau da yawa, balle wanda aka matsa a inji ya ƙara ƙarfi. Da zarar matsin ya gaza abin da bangon ramin yake buƙata, kunnuwa sai su tsaya a rabin hanya.

Ga lissafi na kusa ga bututu mai inci 20, a ƙasa daidai da teku, zafin iska digiri 15. Na yi amfani da lambar ratsa iska, wadda ake rubutawa BC, ta harsasan TTSX na kamfanin Barnes. Gudun baki na ƙiyasta shi ne, sai ka sa naka idan ka auna:

Giren 130, BC 0.350, baki 3,000: yadi 100 kusan 2,730, yadi 200, 2,470, yadi 300, 2,230, yadi 400, 2,000, yadi 500, 1,790.

Giren 150, BC 0.420, baki 2,750: yadi 100, 2,535, yadi 200, 2,330, yadi 300, 2,130, yadi 400, 1,950, yadi 500, 1,770.

Giren 168, BC 0.470, baki 2,600: yadi 100, 2,410, yadi 200, 2,230, yadi 300, 2,060, yadi 400, 1,900, yadi 500, 1,740.

Idan iyakarka 2,200 ce, giren 130 zai kai ka wajen yadi 310, giren 150 ya tsaya a 265, giren 168 a 220. Idan 2,000 ce, sai su zama 400, 370 da 335. Ka ga mai sauƙin nauyi ne a gaba har yadi 500, duk da cewa ya fi saurin zubar da gudu. Fifikon BC na mai nauyi ba ya fara biya sai a nisan da dukkansu sun riga sun sauka ƙasa da iyaka. Wannan ne asalin maganar da ake yi cewa da jan ƙarfe a sauka mataki ɗaya ko biyu a nauyi. Kuma ba ka rasa zurfin shiga ba, tunda giren 130 da ya riƙe 125 ya fi giren 165 na dalma da ya ƙare da 105.

Yanayi ma yana motsa iyakar. A kan dutse mai tsayin mita 2,000 nauyin iska kusan kashi 82 cikin 100 ne na bakin teku, don haka giren 150 ɗin nan da ke kai 2,000 a yadi 370 zai kai ta a wajen 450. Akasin haka, da asubar sanyi a kwari, digiri 5 ƙasa da sifili, iska ta yi kauri da kusan kashi 7, kuma idan albarushin mai jin sanyi ne ya zubar da ƙafa 30 zuwa 40 a baki, iyakar ta dawo wajen yadi 330. Ka yi lissafinka da yanayi mafi muni da za ka yi farauta a ciki.

Wani gargaɗi: kada ka bi tsohuwar ƙa'idar nan ta cewa in dai ƙarfin harsashi ya kai kimanin jul 1,350 (jul ma'aunin ƙarfi ne) to ya isa barewa. Giren 168 a gudun 1,700 yana ɗauke da jul 1,460, ya haye ƙa'idar, amma idan hancinsa bai buɗe ba, mafi yawan wannan ƙarfi a cikin ƙasar da ke bayan dabbar zai ƙare.

Malam_Habu_Maigyara:

Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ina da ja a wuri ɗaya. Ka ɗora dukkan harsasan uku a kan iyaka guda, alhali kowanne da tasa. Jan ƙarfe ba shi da wata lamba ɗaya da aka yanka masa. Ƙirar hanci ce take yanke hukunci: faɗin ramin, zurfinsa, kaurin bangonsa, tsagin da aka yi masa a ciki, da kuma ko an gasa ƙarfen ya yi laushi bayan an ƙera shi. Hujja ita ce akwai harsasan jan ƙarfe da aka yi wa bindigogi marasa gudu, irin .30-30 da .300 Blackout da .45-70, masu buɗewa a gudun da harsashin .308 na gama-gari ba zai ko motsa ba. Raminsu ne babba, bangonsu siriri. Su ma idan ka cilla su da cikakken gudun .308 a kusa, kunnuwan karyewa za su yi.

Ko a cikin gidan Barnes abin ya bambanta. Sun fito da X a 1989, sannan TSX a 2003 mai zobba a jiki don rage matsi da dattin bututu. TSX raminsa a buɗe yake kuma ƙarami ne, musamman a ƙananan ma'auni irin .243 da 6.5 da .270. TTSX an sa masa tsinin roba, abin da ya ba da damar faɗaɗa ramin da ke ƙarƙashinsa, kuma robar tana komawa ciki ta fara tsaga hancin. LRX kuwa an yi shi ne musamman don ya buɗe a gudu ƙasa da na sauran. Har a tsakanin TTSX giren 165 da 168, waɗanda nauyinsu kusan ɗaya ne, siffar hanci ba ɗaya ba ce, kuma na 168 shi ne wanda aka tsara wa gudun .308 da .30-06. Saboda haka mai nauyi mai saurin buɗewa yana iya kamo mai sauƙin nauyi mai taurin hanci. Ka rubuta wa kamfani da lambar kwalin harsashinka, ka tambaye su abu biyu: mafi ƙarancin gudu, da faɗin da suke samu a wannan gudun. Ta biyun ta fi amfani.

Nosler E-Tip da Hornady CX, wanda ya gaji GMX, ba jan ƙarfe zalla ba ne, gauraye ne na kashi 95 jan ƙarfe da kashi 5 tutiya. Ba ya ɓata bututu kamar zalla, amma ya ɗan fi tauri. Nosler suna ba da 1,800 wa E-Tip, Hornady kuma 2,000 aka sani ga nasu. Da irin waɗannan ni ba zan ba da shawarar sauka ƙasa da 2,200 a kan barewa ba.

Akwai kuma wani jinsi daban, irin na Hammer da Cutting Edge, da ake fiƙewa a injin juyi. Su da gangan aka yi kunnuwansu su karye su watsu, gindin ya ci gaba da baki a miƙe. Idan ka tono irinsu ka ga babu kunnuwa kada ka ce ya gaza, aikinsa ke nan. Gazawarsa ita ce ka same shi da hancinsa cur.

Yanzu abubuwan da ke hana buɗewa ko da gudu ya isa. Na farko, bakin rami ya matse. Harsasan da ke zaune a magazin suna bugun bangon gaba duk sanda bindiga ta yi shuri, haka wanda ake sawa ana cirewa kullum yana gogar hanyar shiga. Ramin TSX da bai fi kan allura ba yana iya rufewa, ko tsinin roba ya karkace ko ya fita. Ka riƙa duba su da ido kafin fita, wanda ya sami matsala ka mayar da shi na gwaji. Na biyu, harsashi ya isa a karkace. Santimita ɗaya ta ko'ina ta dalma giram 11.3 ce, ta jan ƙarfe giram 8.96, don haka a nauyi ɗaya na jan ƙarfe ya fi tsawo, dogon harsashi kuma yana buƙatar murɗi mai sauri. Idan juyin bai isa ba, yana shiga nama hancin ya lanƙwashe gefe guda, ramin ya rufe, harsashin ya juya ya tafi da gindi. Murɗinka na 1 a 10 ya ishi duk ukun nan, amma mai 1 a 12 ya tsaya a giren 150 ko ƙasa, kuma ya karanta murɗin da aka rubuta a kwali. Alamar matsala ita ce huda mai siffar ƙwai a takardar saiti, musamman ranar sanyi. Na uku, ciyawa ko ɗan reshe a gaban dabba, ko busasshen taɓo a fatarta, duk suna iya cushe ramin ko su karkatar da harsashin.

Ɗan_Kurmi:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Malam Habu, ke nan ko lambar kamfani sai an tabbatar. Ta yaya mutum zai gwada da kansa ba tare da kayan ɗakin bincike ba? Na ji ana cewa a rage albarushi a harba a kusa don a kwaikwayi gudun yadi 400. Wannan hanyar tana ba da gaskiya?

Hajiya_Maimuna_NV:

Malam Ɗan Kurmi, rage albarushi yana ba da rabin gaskiya ne. Ga dalili. Juyin harsashi a minti ana samunsa ne da gudun baki sau 720 a raba da murɗi. A bindigarka, 2,750 yana ba da juyi 198,000 a minti. Harsashi yana zubar da gudun gaba da sauri amma juyinsa a hankali yake raguwa, don haka a yadi 400 yana tafiya da 1,950 amma har yanzu yana riƙe da mafi yawan juyin nan. Idan ka rage albarushi ya fita da 1,950 tun daga baki, juyinsa 140,000 ne kawai. Yana iya ƙin tsayawa daidai ya kifa a cikin abin gwajin, ka ɗora masa laifin da ba nasa ba. Bayan haka rage albarushi mai jinkirin ci yana da haɗari na gaske. Kamfanin albarushi na Hodgdon sun yarda a rage albarushinsu H4895 har zuwa kashi 60 cikin 100 na mafi yawan awon da suka buga, a harsasan da suka ba da awonsa, amma wannan izini bai shafi sauran albarusai ba. Hanya mafi aminci ita ce ka kai abin gwajin ainihin nisan, ka harba ainihin harsashin da za ka yi farauta da shi.

Mafi arha jarkokin ruwa ne, irin na madara masu galan ɗaya, lita 3.8, kowacce faɗinta wajen santimita 15. Ka jera 7 ko 8 a kan katako madaidaici, suna manne da juna, cike har baki, ka ɗaura tsohuwar fata ko tsumma ninki biyu a gaban ta farko. Katakon ya fuskanci inda za ka kwanta sosai, domin ko ɗan karkata ne harsashin zai fice ta gefe a jarka ta huɗu ko ta biyar ka rasa shi. Bayansu a sami tudun ƙasa. Sai dai ka san ruwa ya fi nama taimaka wa harsashi buɗewa. Wanda ya ƙi buɗewa a ruwa, ka yi watsi da shi a wannan nisan. Wanda ya buɗe a ruwa ya ci jarrabawar farko ce kawai.

Ta biyu jiƙaƙƙun jaridu. Ka ɗaure su dami-dami da sako-sako domin za su kumbura, ka nutsar da su cikin ruwa kwana ɗaya cur, ka tsane su, ka jera a kwali har kaurin santimita 60 zuwa 75 ba tare da giɓi ba. Ka cire masu ƙyalli na talla, ba sa shan ruwa. Amfanin jarida shi ne kana iya buɗe ta shafi-shafi ka ga inda ramin ya fara faɗi. Wannan ya fi siffar harsashin da ka tono muhimmanci. Kana son faɗin ya fara a cikin santimita 5 na farko. Idan sai bayan santimita 12 ko 15 ya fara, to a jikin barewa ya riga ya wuce huhun farko bai yi komai ba.

Mai hali ya yi jelatin kashi 10 cikin 100, wato giram 100 na gari a giram 900 na ruwa, a ajiye shi a digiri 4 har lokacin harbi. Ana tantance shi da ƙwayar ƙarfe ta bindigar iska mai milimita 4.5: a gudun ƙafa 590 ta shiga kusan santimita 8.5. Ka tanadi tubali biyu a jere masu tsawon santimita 40 kowanne, domin jan ƙarfe yana da zurfin shiga, balle wanda bai buɗe sosai ba.

Kowane nisa ka harba aƙalla 3, domin a bakin iyaka ne harsasai suke saɓa wa juna: ɗaya ya buɗe, ɗaya ya buɗe kunne biyu, ɗaya ya ƙi. Ka auna faɗin ta inda ya fi faɗi da inda ya fi ƙunci ka ɗauki tsakiya. Ma'aunin da nake ganin ya dace shi ne ninki ɗaya da rabi na kaurin asali, wato milimita 11.7 a .308, kuma dukkan ukun su kai. Ka fara da yadi 400. In ɗaya ya gaza, ka dawo 350, haka har ka sami nisan da babu mai gazawa.

Wahalar tana da dalili. Dokar hana harsashin dalma ta samo asali ne daga babbar ungulun nan ta Kalifoniya, kondo, wadda ke cin kayan cikin da maharba suka bari ta sha gubar dalma, shi ya sa tun 2008 aka fara hanawa a yankinta. Ɓarɓashin dalma kuma yana shiga naman da ake kai wa iyali. Mu da muka san abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon wa'azi a kan wannan.

Sarkin_Baka:

Hajiya ta gama magana a kan gwaji. Abin da zan ƙara shi ne inda za a sa harsashin, domin yana iya saya maka abin da gudu ya rage. Da dalma an saba a harba bayan karfata don kada a ɓata nama. Da jan ƙarfe ka matso gaba: ka bi layin ƙafar gaba ka hau sulusin ƙirji daga ƙasa. Nan akwai tsoka mai kauri da ƙashi da za su tilasta wa hancin buɗewa, ga saman zuciya da manyan jijiyoyi a bayansu. Asarar nama kaɗan ce tunda babu ɓarɓashi, kana iya yanka har kusa da ramin. Kuma ka ɗauka kullum zai fita ta ɗaya gefen da sauran ƙarfi, don haka ka duba abin da ke bayan dabbar kafin ka taɓa kunama. Bayan harbi, in ta ruga, ka riƙe wurin da ta tsaya da ido, ka ba ta kamar rabin sa'a kafin ka bi, in ka tarar da sauran rai ka yanka nan take.

Idan kai kake ɗura harsashinka, kada ka ɗauki awon albarushin harsashin dalma mai nauyi ɗaya ka zuba. Na jan ƙarfe ya fi tsawo, yana cin wuri a cikin kwanso, matsi yana iya tashi. Ka bi littafin mai harsashin, ka fara daga ƙasa, ka hau da giren 0.5 kana duba alamun matsi. Neman ƙarin ƙafa 50 bai kai a wuce awon littafi ba, yadi 25 kawai zai ƙara maka. Ka bar tazara tsakanin harsashi da farkon tsagin bututu: Barnes suna cewa a fara da inci 0.050, wato milimita 1.3, sannan a gwada tsakanin 0.030 da 0.070. Ka wanke bututu da maganin cire jan ƙarfe kafin ka koma wannan harsashi, ka harba biyu ko uku ya zauna, sannan ka sake saita madubi daga farko, domin wurin faɗuwarsa ba zai zama ɗaya da na tsohon harsashinka ba.

Ga bindigarka da barewarka, ni giren 130 ko 150 mai tsinin roba zan ce, duk wanda ya fi taruwa a takarda. Har yadi 300 kowannensu yana cikin aminci. Daga 300 zuwa 350 sai in gwajin Hajiya ya nuna maka. Yadi 400 da bututu mai inci 20 a ƙasan kwari ya yi yawa, sai dai in kana kan tsauni kuma ka tono harsasai uku daga wannan nisan ka ga sun kai milimita 11.7.

Malam_Habu_Maigyara:

Na yarda da Sarki. Ƙari ɗaya kawai: in ka sayi sabon kwali mai lambar rukuni daban da na da, ka sake auna gudu da guda 5. Bambancin ƙafa 40 zuwa 50 tsakanin rukuni da rukuni ba baƙon abu ba ne a harsashin kanti, kuma in sabon ya fi na da sanyi, ka rage yadi 25 daga iyakarka.